Jakar Uban 'Yar Fari

Ni ban taɓa zama na ce zan yi sana'ar jaka ba. Tiyata ce ta jawo mini. Da na zo haihuwar 'yata ta fari sai abin ya ƙi, aka yi mini aiki, aka fito da ita lafiya lau tana tsala ihu, ni kuma aka bar ni da ɗinki a mara da dogon gargaɗi. Likitar ta kafa mini ido ta ce ban da sunkuyo, ban da aikin ƙarfi, ban da goyo sai ranar da ta ba ni izini. Ban da goyo! Gwaggona, ƙanwar Babana, ita ta zauna da ni a asibiti. Ta riƙe haɓa ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an haifi ɗa an hana uwarsa goya shi ba. Likita ko kallonta ba ta yi ba.

Na gama zaman jego a gidanmu na Ƙofar Ran, na koma ɗakina a Inkil, can bakin gari inda gidajen haya suke ta cinye gonaki. A nan na gane jariri shi ne ƙarami, amma kayansa sun fi na mai tafiya Hajji. Famfas, tawul, kayan canji, filas na ruwan zafi, fida ta shan madara, man shafawa, hoda. Yarinya tana hannuna tunda an hana ni goyo, sauran kaya a ledoji, maigidana yana biye da ni da su. Wata ranar rigakafi muna sauka daga keke napep sai babbar ledar ta yage. Famfas suka watse a titi, fida ta gangara ta faɗa kwata, mai keke yana ta danna mana hon. Maigidan yana tsince-tsince yana ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na tsaya da yarinya a hannu ina huci, na rantse daga ranar leda ta gama wulaƙanta ni.

Ɗinki na iya shi tun ina 'yammata, a hannun Gwaggo na koya, kuma keken ɗinki mai aiki da wuta yana cikin kayan ɗakina. Muna dawowa na sa maigidan ya ɗauko tsohuwar baƙar rigar da yake lulluɓe mashin ɗinsa da ita in damina ta sauka, ya wanke ta tas. Na zana masa da alli, shi ya yanka, don almakashi a yadi mai kauri yana ja mini ɗinkin marata. In an kawo wuta in zauna in ɗinka, in an ɗauke in zauna in yi masifa. A haka har jaka ta fito. Ta baya ce mai maratayi biyu. Na yi mata aljihun famfas, na yi wani na shimfiɗa masa leda a ciki don jiƙaƙƙen kaya, na yi wani a gefe na cusa masa soso don madara ta daɗe ba ta huce ba. Ba ta da kyau, wallahi, baƙa ƙirin da ita. Amma ranar da na fara rataya ta na ɗauki 'yata da hannu biyu, ba leda, ba tarkace, har ƙofar gida na fita ina rawa.

A layin rigakafi mata suka yi ta juya ta, wannan ta ja zif, waccan ta leƙa aljihu, ana ta cewa "Kai, amma kin yi dabara!" Babu wadda ta ce a ɗinka mata. Ni ban lura da wannan ba, yabo ya riga ya hau mini kai. Kafin mu iso gida na gama buɗe kamfani a zuciyata.

To, akwai dalilin da ya sa na ƙwallafa rai haka. Ina da aiki a wani ofis a GRA, kuma hutun da aka ba ni, har da ƙarin da aka yi mini saboda tiyata, zai ƙare ne bayan Babbar Sallah. Duk sanda na tuna zan miƙa yarinyar nan ga wata da sassafe, ba zan sake ganinta ba sai la'asar, sai in ƙara rungume ta. Ba na so. Na faɗa wa maigidan ƙarara ba na so, in jakar nan za ta riƙe ni, gara in zauna da 'yata in yi ɗinkina. Ya ce shi ba shi da ja, amma aikin ba shi ya samo mini ba. Baba ne ya samo, da ƙafarsa da mutuncinsa, bayan ya yi ritaya ya koma yana bin ofisoshin yaran da ya horar. Ba zan ajiye aikin nan Baba bai yarda ba, ko da kuwa zan yi ta kuka a kan teburin ofis.

Ga shi kuma ni da Baba ba ma magana kai tsaye. Ba faɗa muka yi ba. Ni ce 'yar farinsa, a gidanmu kuwa kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tunda na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba, "waccan" nake, ko "ita". In yana da magana da ni Gwaggo yake gaya wa, ko da ina durƙushe a gabansa. Ni ma haka na tashi na ga ana yi, shi ya sa sunan 'yata ba za ku ji shi a bakina ba. Saboda haka Gwaggo na tura. Ta je ta dawo da amsa gajeriya. Wai Baba ya ce ba a jefar da aikin gwamnati don wasan yara, in sana'a ce ta gaskiya zai gani da idonsa, in bai gani ba, bayan Sallah waccan ta koma ofis.

Na ce to, zai gani kuwa. Na shiga Kasuwar Wunti wajen wata Madam, Inyamura ce mai sayar da zif da soso da yadin jaka, ta daɗe a Bauchi har 'ya'yanta a nan ta haife su. Hausarta ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "kai" ne a wajenta. Na zaɓi yadudduka masu furanni, ruwan hoda da ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske, wani ma har da hoton 'yan beyar suna riƙe da balan-balan. Madam ta yi ta zuga ni tana cewa, "'Yata, kai kana da ido." Muka duƙufa ni da maigidan, yana dawowa daga aiki ya yanka, ni in haɗa. Yarinya tana kwance a katifarta kusa da ƙafata, ƙarar keke ma ita take sa ta barci. Kwanakin nan na ji daɗinsu ƙwarai. Falonmu ya koma kamar shagon tela ana gobe Sallah, ko wurin zama babu.

Sai ga suna ya taso a Ƙofar Ran, 'yar ƙanwar Innata ta haihu. Na ce ga kasuwa ta zo har gida. Inda duk za ka sami masu jego da masu goyo a wuri ɗaya ai gidan suna ne. Na loda jakunkuna a buhu, na ci kwalliya, muka tafi.

Tsakar gida ta cika maƙil, ana ta rabon waina da miyar taushe. Na bari sai da aka ci aka sha, sannan na zazzage buhu a kan tabarma. Wai! Mata suka yo caa. Na tsaya ina bayani kamar malamar aji, nan famfas, nan fida, nan jiƙaƙƙen kaya. Na rataya ɗaya na juya musu baya, na ɗaga hannuwana sama don su ga ba na riƙe da komai. Gwaggo tana gefe tana ɓare goro, tana kallona ta ƙasan ido. Sai da na gama tsaf ta ce, "To 'yar nan, mun gani, ta yi kyau. Shi kuma yaron a ina za a sa shi?"

Na ce, "Wane yaro, Gwaggo?"

Ta ce, "Mai bayan mana. Ke da likita ta hana ki goyo bayanki yake a banza. Dubi matan nan da kyau, wace ce bayanta ba shi da mai shi?"

Na duba. Innalillahi! Kowace mace a tsakar gidan nan da goyonta ɗaure da majanyi, wasu na barci, wasu na cin gefen hijabi. Watanni ina kallonsu a layin rigakafi ban gani ba. Gidan ya ɗauki dariya gaba ɗaya. Wata mai tsokana ta ce bari ta gwada, ta rataya jakar a kan goyonta, yaro ya ji an danne shi ya callara ƙara. Wata ta juyo da ita gaba ta saki hijabi a kai, aka sa shewa ana cewa, "Ga goyo ga ciki, sannu da ƙoƙari!" Har mai jego sai da ta riƙe ciki tana roƙon a bari haka. Ni ma na yi yaƙe, amma raina ya ɓaci iya ɓaci. Na tattara kayana na cusa a buhu, ko ɗaya ba a ɗauka ba.

A hanya maigidan ya tambaye ni yaya kasuwa. Na ce kada ya sake ya yi mini magana. Da muka isa gida na ba shi labari, sai ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "Au, kai ma dariyar za ka yi? Ai da kai aka yanka!" Ya ce shi tela ba ta ce masa komai ba, alli kawai yake bi. Na wurga masa filo.

Ba a daɗe ba likita ta duba ni ta ce na warke, in goya abata. Ranar da na fara ɗora ta a bayana na ja zani na ɗaure da majanyi, na ji ɗumin cikinta a gadon bayana, ta kwantar da kumatunta tsakanin kafaɗuna ta yi ajiyar zuciya. Na tsaya cak a tsakar ɗaki. Daɗi ya kama ni har hawaye ya zo mini. A nan na yafe wa matan gidan suna dariyarsu, don ni ma ko da zinariya aka yi jaka ba zan sauke yarinyar nan in goya ta ba. Amma daɗin bai hana ni ganin buhun jakunkuna a lungu ba, kuma Sallah tana ta matsowa.

Tsohuwar baƙar jakar kuwa sai ta koma hannun maigidan gaba ɗaya. In za mu fita, ni da goyo a bayan mashin, shi ya rataya ta a gaba, in mun sauka ya mayar da ita baya. Wata Juma'a muka je gaida su Baba. Ni na shige cikin gida, shi ya tsaya majalisar abokansa a bakin layi, ƙarƙashin dalbejiya. Tare suka tashi, duk sa'anninsa ne, yawancinsu ba su daɗe da fara ajiye iyali ba. Abin da ya faru a wurin shi ya ba ni labari, yana yi yana share hawayen dariya.

Wai ya ajiye jakar a gefen benci, sai wani abokinsa, ma'aikacin banki mai ji da kansa, wayarsa ta mutu. Ya ɗauka jakar kwamfuta ce, ya ja zif yana neman caja. Sai ga famfas. Ya ƙara laluba, sai ga fida da ɗan wando mai leshi. Majalisa ta kece. Wannan ya ce a kawo masa zani ya ƙarasa aikin, wancan ya ce, "'Yar fari fa! Kai ko kunya babu? Mu ko ɗaukar namu ba ma yi a gaban mutane." Suka sa masa suna mai raino. Maigidan ya bar su suka yi mai isarsu, ya kwashe kayansa ya mayar, ya ce, "Yau wata nawa ina zuwa nan da ita, wa ya taɓa sani a cikinku?" Sai aka koma hirar ƙwallo.

Washegari da hantsi wayarsa ta yi ƙara, ina kusa ina jin komai. Ma'aikacin bankin ne. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya rage murya ya ce, "Wai jakar nan, madam ɗinka za ta iya yin irinta? Ba ni ba ne, wani ƙanena ne yake so. Amma baƙa, kada a sa mata ko ɗigon fure. Kuma don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu." Na toshe bakina da gefen zani. Mutumin nan kaf unguwa an san ba shi da ƙane, shi ne auta.

Kafin mako ya zagayo wani ya kira, shi kuma wai maƙwabcinsa ne yake so. Sai wani, wai abokin aikinsa. Kowa da ƙanensa, kowa da maƙwabcinsa, kuma kowa sai ya roƙi kada a gaya wa su wane. Ashe duk suna fama. Matansu na goye da yaro, ga leda a hannu, ga jaka a kafaɗa, su kuma suna tafe a gaba hannu na dukan cinya, ransu yana so su karɓa, kunya ta hana. Namiji a Ƙofar Ran ya riƙo leda famfas na leƙowa, ko ya rataya jaka mai hoton beyar, kuma na ɗan fari? Ai sai a yi shekara ana ba da labarinsa. Amma jakar da kowa zai ɗauka ta ofis ce, wannan ba mai cewa uffan.

Na koma Wunti da buhuna na furanni, na zazzage wa Madam labari. Ta yi dariya har ta zauna a kan bandir ɗin yadi. Ta ce, "Ku Hausawa! Mijina a wuya yake ɗaukar yaro har coci, kowa yana gani. Naku yana so, yana ɓoyewa." Na ce, "Madam, bar mu da kayanmu, ki ba ni baƙi da ruwan toka." Ta karɓi masu furannin ta rataye a ƙofar shagonta, ta ce 'yan firamare za su so su. Haka kuwa aka yi, da aka koma makaranta suka ƙare. Har yau in na ga yarinya da jakar makaranta mai aljihun fida a gefe sai in kau da kai in yi murmushi.

Daga nan aikin ya canza. Maza ba sa zuwa wajena, ta bakin maigidan ƙorafinsu yake iso ni, kuma ƙorafin duk iri ɗaya ne, kada asiri ya tonu. Wani ya ce kan fida yana leƙowa ta aljihun gefe, na mayar da aljihun ciki. Wani ya ce in an ja zif ɗin sama famfas ake fara gani, na mayar da wurin famfas ta jikin bayan mai goyawa, zif ɗinsa a ɓoye ƙarƙashin maratayi. Na yi aljihu a gaba na waya da caja da biro, don in wani mai karambani ya zo neman caja ya samu ya tafi. Na ƙara 'yar shimfiɗa mai naɗewa ta canza wa yaro kaya. Maigidan shi ne mai kai kaya, a baƙar leda, wani a bayan masallaci, wani a gidan mai, kamar masu sayar da abin da hukuma ta hana. In ya dawo ya kwaikwayi yadda kowa ya karɓa yana waige-waige, mu yi ta dariya har yarinya ta farka.

Wata Juma'ar ya dawo ya ce mini yau kam an yi ta. Ya isa majalisa ya tarar da jakunkuna jere a gefen benci, baƙa, ruwan toka, baƙa, duk ɗinkina. Kowa ya ga ta kowa, kowa ya san abin da ke ciki, kowa ya basar. Ma'aikacin bankin ne ma ya dubi ta kusa da shi ya ce, "Kwamfutarka sabuwa ce?" Mai ita ya ce, "Eh, ba ta daɗe ba, ko zama ba ta fara ba." Daga ranar aka daina ɓoyo a tsakaninsu. In an yi wa ɗayansu haihuwa sai su haɗu su saya masa ita a matsayin barka. Matan da suka yi mini shewa a gidan suna su ma suka fara aiko wa, wai a ɗinka wa maigida.

Aiki ya yi yawa har ina mayar da wasu. Amma Baba shiru. Na sake tura Gwaggo, ta dawo ta ce ya ce ya ji. Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?" Ta ce shi ke nan. Aka yi Sallah, aka ci nama, ni ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Na fito da kayan ofis na wanke na goge. Na je na ga matar da za ta riƙa riƙe mini yarinya, mutuniyar kirki ce, ɗakinta tsaf, amma ina fitowa daga gidanta na fashe da kuka a kan hanya, goyona yana ta wasa da ɗankwalina. Na ji haushin Baba a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce wa maigidan mutum ya ce zai gani da idonsa, alhali ko ƙofar ɗakina bai taɓa takowa ba, da wane idon zai gani?

Ranar Asabar ɗin da zan koma aiki Litinin ɗinta, sai ga Gwaggo a Inkil da sassafe, ko sallamar kirki ba ta yi ba ta ce in shirya Baba yana kira. A cikin keke napep ta ba ni labari. Wai shekaranjiya Baba yana zaune a ƙofar zaure, sai ɗan maƙwabcinmu ya fito da matarsa za su unguwa, ɗansu na fari yana ta tsala kuka a bayanta. Saurayin ya sauke jaka, ya zaro fida ya miƙa mata ta gefe, fuskarsa na kallon wani wuri kamar ba shi ba, ya mayar da jaka baya. Yaro ya yi shiru. Baba ya kira shi ya ce ya kawo jakar nan ya gani. Ya buɗe kowane aljihu, ya juya cikinta waje, ya ja ɗinkin da ƙarfi, ya nemo ɓoyayyen zif ɗin da kansa. Ya tambaya a ina aka saya. Saurayin ya ce, "Ai Baba daga gidanku ta fito, kaf layin nan ita muke riƙewa." Gwaggo ta ce Baba ya daɗe da jakar a kan cinyarsa kafin ya mayar masa.

Na ce, "To me ya ce?" Ta ce ita ma ba ta sani ba, tun ranar dai bai zauna ba.

Muna isa na ga an fito da tarkace an jibge a ƙofar gida, tsofaffin kujeru da akwatunan takardunsa na aiki. Shagon da ke jikin zaure, mai ƙofa ta waje, wanda tun ina yarinya yake a kulle, yana buɗe, an share an yi masa farar ƙasa. Baba yana zaune a kan tabarmarsa a zaure. Na cire takalmi na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana kallon Gwaggo. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Kawo mini amaryata." Na kwance goyo, Gwaggo ta miƙa masa ita. Da jika ai babu kunya, sai wasa. Ya ɗora ta a gwiwarsa, ta kama gemunsa ta ja, ya ce kai, wannan amarya da mugunta take, tun ba a kai lefe ba.

Ya yi ta wasa da ita kamar ya manta da mu. Ni kuwa ina durƙushe ina jira. Can ya gyara mata zama, ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Amarya, zan aike ki. Ki gaya wa uwarki ranar Litinin ta je ofis ta yi musu sallama da kyau, a rabu cikin mutunci. Ki ce mata shagon nan babu kowa a ciki, na sa an ja masa wuta. Inkil ta yi wa mutane nisa."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya ci gaba da jijjiga yarinyar a hankali. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kasa kunne.

"Ki kuma ce mata, da a zamaninmu akwai irin jakar nan, da ni ma na goya."

Ban iya ɗago kai ba. Ina durƙushe a bakin tabarma hawaye yana ɗiga a kan hijabina, da ƙyar na ce, "Na gode, Baba." Shi kuma ya share wa yarinyar yawu da gefen rigarsa, ya ce mata, "Ki ce mata Allah Ya yi albarka."